Ukashatu da Dokin da Aka Rufe wa Fuska

A wani zamani mai nisa, wanda ko tsofaffin da suka ba mu labarinsa ba su riske shi ba, an yi wani birni a gabas mai suna Marjanu, mai ganuwa bakwai da ƙofofin baƙin ƙarfe. Sarkinsa, Nu'umanu ɗan Jabiru, ya shekara arba'in a kan karaga ba a taɓa jin an karya masa runduna ba. Mutum ne mai kwarjini, ba ya yawan magana. Ba ya sauke amawali ko a gaban iyalinsa, ba ya cin abinci sai shi kaɗai, ba ya zama inda iska ke kaɗawa, kuma wani lokaci yana tsakiyar yanke hukunci sai ya yi tsit, ya damƙe hannun karaga har jijiyoyin hannunsa su tashi, ya daɗe kafin ya ci gaba. Fadawa suka ce ai wannan shi ne mulki, har wasu hakimai suka shiga kwaikwayonsa a garuruwansu.

Mutanen Marjanu mutanen doki ne, kuma suna da al'adu biyu da suke riƙe da su kamar farilla. Ta farko, idan ɗan sarki ya kai shekara goma sha biyar sai a ba shi dukushi ya rena da hannunsa. Ranar da za a naɗa shi, sai ya hau wannan dokin ya tsaya a ƙofar fada da hantsi yana fuskantar rana, an ɗaura wa dokin faifan tagulla mai sheƙi a goshi, sanƙira kuma ya jero sunayen sarakuna talatin da uku da suka gabata. In doki ya tsaya cik, a naɗa mahayinsa. In ya girgiza kai, to doki ya ƙi ubangijinsa ke nan, sai a yanka dokin, sarauta ta koma wani gida. Ta biyu, ba a rufe fuskar doki a Marjanu sai ranar da ubangijinsa ya mutu.

Sarki Nu'umanu yana da ɗa guda, Ukashatu, saurayi mai faɗin ƙirji wanda ya ƙware a sara da suka da harbi tun gemu bai fito masa ba. Dokinsa akawal ne, baƙi wuluk, ya sa masa suna Hadari. Shekara bakwai suna tare, shi ke yanko masa ciyawa, shi ke jiƙa masa kanwa, kuma dokin ya taɓa ɗauko shi daga bakin daga da kibiya biyu a cinya. Saura shekara guda sarki ya yi murabus a naɗa Ukashatu, sai wata rana Hadari ya fizgi kansa sama kamar wanda rina ta harba a hanci. Ya sake fizga, ya furzar da iska, ya sunkuya yana goga hancinsa a ƙafar gaba har fata ta saluɓe. Aka duba, babu rina, babu ƙaya, babu rauni. Kashegari ya sake yi.

Shamaki, wato shugaban bargar sarki, ya tara masu maganin dawaki. Suka yi ƙaho, suka yi hayaƙi, suka ɗura masa jiƙo kala goma sha biyu. Da abin ya faskara sai suka koma ga abin da suka gada, suka sa ƙarfe a wuta suka yi masa lalas a kumatu. Ukashatu da kansa ya riƙe ragamar, yana jin ƙaurin naman dokinsa, kuma har ya tsufa bai daina jin kunyar wannan ranar ba. Tabo ya zauna, ciwo bai tafi ba.

Nan fa Mundiru ya samu bakin magana. Shi ɗan ƙanen sarki ne, kuma sarkin yaƙin Marjanu, wanda sarauta za ta faɗa wa in Ukashatu ya rasa ta. Ya miƙe a fada ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, me muke jira? Dokin nan ya riga ya yi magana tun ba a tambaye shi ba. A kawo wuƙa a huta."

Ukashatu ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, dokina bai ƙi ni ba, ciwo yake ji. Ina roƙon a ba ni wannan shekarar in shiga duniya in nemo masa magani. In na dawo bai tsaya ba, da hannuna zan miƙa wuƙar."

Sarki ya yi irin shirun nan nasa, ya damƙe karaga. Can ya ce, "Ciwon da ba a gani ba shi da magani, ɗana. Amma je ka. Ranar naɗi ba za a ɗaga ta ba ko da yini ɗaya."

Hamadar Ƙishirwa

Ukashatu ya sa sulke, ya rataya takobin kakansa, ya fita ta ƙofar yamma shi kaɗai. Ya ƙetare koguna uku da dajin da giwayensa ke da haure huɗu, sannan ya faɗa wata hamada wadda rairayinta fari ne fat kamar gishiri, ba itace, ba tsuntsu, sai hasken rana daga sama da wani hasken daga ƙasa. A nan ciwon Hadari ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, har wani lokaci yakan miƙe a kan ƙafafun baya yana dukan hancinsa da kofato.

A rana ta tara, salka ta bushe, suka iso wata rijiya da wani ifiritu ke tsaro, mai tsawon dabino uku, ido ɗaya a goshi, riƙe da kulki na dutse. Ifiritun ya daka tsawa ya ce, "Ya kai ɗan Adam, wane ajali ne ya jawo ka? Duk mai son ruwan nan sai ya kayar da ni, kuma ƙasusuwan da kake takawa na waɗanda suka gwada ne."

Ukashatu ya ce, "Ni ba don kaina nake roƙo ba. Ka bar dokina ya sha, ni in haƙura. In ka ƙi, to ka gyara tsayuwa."

Suka kacame da tsakar rana. Sau uku Ukashatu na kawo sara, sau uku Hadari na fizge kai saran ya tafi a iska, a na huɗu kulkin ya same shi a garkuwa ya yi sama ya faɗo. Dokin nan, da duk azabar da yake ciki, bai gudu ba, ya zo ya tsaya a kan ubangijinsa yana kai cizo da harbi har Ukashatu ya farfaɗo. Aka ci gaba da gumurzu har la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi, iska ta kwanta. Sai Hadari ya natsu kamar ba shi ba, ya shiga ƙarƙashin hammatar ifiritun a guje, Ukashatu ya sare masa jijiyar dunduniya ya zube kamar tsohuwar katanga. Suka sha ruwa. Da a ce jarumin namu yana da lura kamar yadda yake da ƙarfi, da ya tambayi kansa abin da ya sa dokin ya natsu da yamma. Amma shi a lokacin murnar nasara yake yi.

Birnin Matsafa

Bayan wata biyu ya iso birnin Zulumatu, inda matsafa ke mulki. Sun lulluɓe birnin da wani baƙin gajimare don kada rana ta ga abin da suke aikatawa, saboda haka cikinsa kullum kamar bayan la'asar yake. Ya ga kasuwar da ake sayar da iska a cikin gora, da kuraye masu dakon kaya, da tukwane masu dafa kansu suna yi wa juna tsegumi, da wata bishiya da ke fitar da makullai a madadin 'ya'ya. Aka kai shi gaban babban bokan birnin, Mirzanu, wani siririn tsoho mai zobe a kowane yatsa.

Mirzanu ya zagaya dokin sau bakwai, ya buga ƙasa, ya leƙa madubin tsafi, ya gyaɗa kai kamar ya ga wani abu. Ya ce, "Ƙaramin aiki. Ka ba ni takobin nan naka, in ba ka lafiyar dokinka cikin kwana uku." Ya shafa wa Hadari wani kore-koren mai, ya tofa masa surkulle a kunne. Abin mamaki, kwana uku cur dokin bai fizgi kai ba ko sau ɗaya. Ukashatu ya rungume wuyan dokinsa ya yi kukan farin ciki, ya kwance takobin kakansa ya miƙa, ya kama hanyar gida.

Bai yi nisan harbin kibiya daga ƙofar gari ba, rana ta faɗo musu, Hadari ya fizgi kai. Ukashatu ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi, sannan zuciya ta tashi. Ya juya da mashi kawai a hannu. Mirzanu ya turo masa macizai masu fukafukai, Ukashatu ya tsire su. Ya turo mayaƙan tagulla ɗari, Ukashatu ya tura su cikin ramin ganuwa. Boka ya rikiɗa ya zama zaki, ya zama wuta, ya zama ɓera zai shige rami, Ukashatu ya take masa wutsiya har ya dawo mutum.

Ya ce, "Ka gaya mini gaskiya, me ka gani a madubin?"

Mirzanu ya ce, "Ya shugabana, wallahi ban ga komai ba. Man ma na gyaran takalmi ne. Ni kaina na yi mamaki da ya lafa. Amma mu a sana'armu, abin da ba mu gani ba aljanu muke ɗora wa. Ka tafi Dutsen Ƙarfe, can fadarsu take."

Ukashatu ya karɓi takobinsa, ya bar shi da ransa, don kashe irin wannan ɓata takobi ne.

Fadar Sarkin Aljanu

Wata huɗu ya yi yana tafiya kafin ya kai dutsen, ya shiga ta wani kogo ya ɓulla a wata ƙasa mai koguna na madara da gadoji na lu'ulu'u, inda gidaje ke rataye a sama ba ginshiƙi, tsuntsaye na zinariya suna raira waƙa a kan rassan zumurrudu. Dakarun aljanu dubu suka tare shi. Ya ce ba yaƙi ya kawo shi ba, ƙara ya kawo. Aka shigar da shi gaban sarkinsu, Marzubanu, wanda rawaninsa kaɗai sai aljanu arba'in sun taru suke naɗa shi.

Ukashatu ya ce, "Ya sarkin ɓoye, ni ɗan sarki ne kamar yadda kake sarki, kuma ban zo da raini ba. An ce wani daga cikin talakawanka ya shiga kan dokina. In laifi muka yi masa, a faɗa mini in nemi gafara. In zalunci ne, a fito mini da shi fili."

Marzubanu ya yi ajiyar zuciya har labulen fada suka kaɗa. Ya ce, "Ku 'yan Adam kun ishe mu. Nono ya tsinke, aljanu. Jaki ya yi tuntuɓe, aljanu. Kuna tsammani ba mu da aikin yi ne?" Duk da haka ya sa aka buga tambari, aljanun tudu da na ruwa da na juji da na kuka suka hallara, kowa ya zo ya dafa goshin Hadari ya rantse da zoben sarauta, wanda duk ya rantse da shi a kan ƙarya ƙonewa yake nan take. Yini uku ana rantsuwa, ko gashin aljani ɗaya bai babbake ba.

Nan Ukashatu ya fid da rai. Ya kayar da ifiritu, ya rusa matsafa, ga shi yanzu babu wanda zai sara. Ya zauna a ƙasa a gaban aljanu duka ya rufe fuska. Sarkin aljanu ya ji tausayinsa ya ce, "Tashi, saurayi. Mu kanmu in dawakinmu sun gagare mu, wajen 'yar Adam muke kai su. Bayan dutsen nan akwai Kwarin Giginya. 'Yar sarkinsu, Gimbiya Nusaiba, ita ke duba mana. Sai dai ka yi haƙuri da bakinta."

Gimbiyar Kwarin Giginya

Ya same ta ba a kan kilishi ba, a cikin barga, ta naɗe hannun riga tana duba kofaton wata goɗiya. Kyakkyawa ce ƙwarai, amma abin da ya fara lura da shi shi ne yadda ta ƙi kallonsa, ta tafi kai tsaye wajen dokin. Ta tsaya gefe har Hadari ya sunsune ta, sannan ta buɗe bakinsa ta bi haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, ta leƙa kunnuwa, ta duba idanu, ta bi wuya da gadon baya da yatsa. Da ta zo kan tabon lalas sai ta tsaya.

Ta ce, "Wane mara imanin ne ya yi wannan?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni na riƙe ragamar, ranki ya daɗe."

Ta dube shi a karo na farko, ta ga idonsa ya kawo ruwa, sai ta sassauta. Ya ce, "Mene ne ke damunsa?"

Ta ce, "Ban sani ba."

Ukashatu ya yi wata takwas yana yawo, kowa na gaya masa ya sani, sai ga mutum na farko da ya ce bai sani ba, kuma abin mamaki sai ya ji hankalinsa ya ɗan kwanta. Ta ci gaba, "Haƙori lafiya, kunne lafiya, ido lafiya. Abin da nake zato, akwai jijiyar da ta bi ta fuskarsa zuwa hanci, ita ke harbawa kamar walƙiya ba tare da an taɓa ta ba. Dalilin da ya sa take haka, Allah kaɗai ya sani. Na ga dawaki huɗu masu irinsa, ban warkar da ko ɗaya ba, amma uku suna nan suna aiki. Kai dai gaya mini, yaushe yake tasar masa?"

Ya ce, "Kullum."

Ta ce, "Babu ciwon da ke zuwa kullum daidai wa daida. Yaushe ya fi tsanani? Yaushe ya taɓa lafawa?"

Ya yi tunani ya ba ta labarin farin rairayi, da yammacin da ya kayar da ifiritu, da kwana ukun birnin da rana ba ta shiga. Yana cikin ba da labarin sai ya gane da kansa cewa duk inda hasken rana ya ragu, ciwon lafawa yake. Nusaiba ta yi dariya ta ce, "Dokinka ya yi wata takwas yana gaya maka, kai kana neman wanda za ka sara."

Ta ba shi igiya biyu, fara da baƙa. Duk lokacin da Hadari ya fizgi kai a rana, ya ƙulla fara, in a inuwa ne ya ƙulla baƙa. Ta hana a sauya abu biyu a rana ɗaya, don a san wanne ya yi aiki. Kwana arba'in jarumin da ya rusa Zulumatu yana zaune bakin turke yana ƙulle-ƙulle kamar mai saƙar tabarma. Farar igiya ta cika har aka ƙara wata, baƙar kuwa ƙulli tara kacal. Suka gano iska mai busowa cikin hanci ma tana tayar da shi, haka ƙurar harawa. Sai aka riƙa yayyafa wa harawarsa ruwa, aka cire masa linzamin ƙarfe mai kaifi aka sa na fata, aka mai da fitarsa safe da yamma. Faifan tagullar Marjanu kuwa, da ta gan shi a cikin kayansa ta ji amfaninsa, sai ta ce, "Wato doki na ciwon haske, ku kuma ku ɗaura masa rana ta biyu a goshi."

Daga nan ta zauna da kanta ta saƙa masa wani lulluɓi na siririn zare da aka rina da baba, mai ƙananan ƙofofi, yana gani ta ciki amma haske ba ya dukan idonsa, gefensa kuma ya sauko ya rufe hanci yana ɗan shafarsa. Ranar da aka ɗaura masa, Hadari ya fita da hantsi ya yi sukuwa har bakin kogi ya dawo, sau ɗaya tak ya motsa kai. Ukashatu ya yi murna, sannan fuskarsa ta canza, ya gaya mata abin da rufe fuskar doki ke nufi a garinsu.

Ta ce, "To zaɓi ya rage naka. Ba warkewa ya yi ba, kada ka yaudari kanka. Akwai ranakun da zai tashi ko da lulluɓin, sai ka sauka ka kai shi inuwa. In ka cire don kunyar mutane, zai fizgi kai su yanka shi."

Ya ce, "In na je da shi, za ki zo ki ga yadda za ta kaya?"

Ta ce, "Zan zo saboda dokin." Mahaifinta da ke kusa ya yi murmushi, don ya san 'yarsa ba ta taɓa saƙa wa dokin kowa komai ba.

Ranar Naɗi

Sarkin aljanu ya ba su iskar da ta naɗe musu hanya, suka iso Marjanu da safiyar ranar naɗi. Masu tsaron ganuwa suka hango baƙin doki da rufaffiyar fuska, ba su tsaya duba wanda ke kai ba suka kwarma ihu cewa yarima ya mutu. Mata suka fasa kuka. Mundiru kuwa har ya sa an fito masa da alkyabba. Sai ga Ukashatu ya ratso taron a kan Hadari, mutane na darewa suna salati.

Mundiru ya sha gabansa a kan dokinsa ya ce, "Ya kai ɗan baffana, ka fita neman magani ka dawo da abin kunya. Ka yi wa kanka makoki da ranka, ka taka al'adar sarakuna talatin da uku. Cire tsumman nan, ko in cire shi da bakin mashi."

Ukashatu ya ce, "Ya Mundiru, ban zo zubar da jinin gidanmu ba. Amma duk hannun da ya taɓa lulluɓin nan sai ya bi ta kaina."

Suka ja da baya suka zaburo. Masunsu suka kakkarye, aka zare takubba, ƙarar ƙarfe ta cika dandali. Mundiru ya yi ta jan faɗan yana juya Hadari wajen rana, yana jiran fizgar da za ta ba shi sa'a, fizga ba ta zo ba. A karo na bakwai Ukashatu ya doke shi da bayan takobi ya faɗo ƙasa, ya sauka ya ɗaga shi ya kakkaɓe masa riga.

Sannan ya hau ya tsaya a ƙofar fada yana fuskantar rana. Shamaki ya matso da faifan tagulla, Ukashatu ya ce a mayar. Dattawa suka hau gunaguni, suna cewa ba a taɓa yi ba, naɗin da aka yi a kan dokin mamaci ba naɗi ba ne. Kowa ya juya wajen sarki.

Ukashatu ya ce, "Ranka ya daɗe, ban samo magani ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Ba sihiri ba ne, ba aljani ba ne, ba kuma ƙina yake yi ba. Wata jijiya ce a fuskarsa ke harbawa kamar walƙiya in haske ko iska sun taɓa ta, ba wanda ya san dalili. Ba a ganin ciwon, amma yana nan. Abin da na koyo shi ne yadda zai rayu da shi."

Sarki Nu'umanu ya miƙe. Ya sauko daga karaga, abin da bai taɓa yi a gaban jama'a ba, ya taka har gaban dokin. Ya ce, "Kamar walƙiya ka ce? Daga nan zuwa nan?" Ya ja yatsa daga kunnensa zuwa gefen hancinsa. Sannan ya sa hannu ya sauke amawali. Mutane suka ga kumatun sarkinsu na dama duk tabon lalas ne, tsoho a kan tsoho.

Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ke nan. Iska ta taɓa ni, ya tashi. In tauna abinci, ya tashi. Na sa an ƙona ni a ɓoye sau biyar. Na yi shiru don kada ku ce Allah ya ƙi ni, kamar yadda kuka ce dokin nan ya ƙi ɗana. Ni da na fi kowa sanin abin da dabbar nan ke ji, ni na yarda a kawo wuƙa." Ya dafa wuyan Hadari ya ce, "Shekara goma sha ɗaya kuna yi wa sarki mai rufaffiyar fuska mubaya'a, ba ku ce ya mutu ba. Sanƙira, fara."

Hakiman da suka daɗe suna kwaikwayon shirun sarki suka rasa inda za su sa idonsu. Sanƙira ya ɗaga murya ya fara jero sunaye, mutane na ƙirgawa a zuci. Goma, ashirin, talatin. A na talatin da ɗaya wata iska ta taso, kunnen Hadari ya motsa, Ukashatu ya ɗora tafinsa a wuyansa ya yi masa magana a hankali. Dokin ya furzar da numfashi ya tsaya. Da aka ambaci na talatin da uku, guɗa da tambura suka ɓarke har tsuntsaye suka tashi daga ganuwa.

A ranar aka naɗa Ukashatu, bayan kwana bakwai aka ɗaura aurensa da Gimbiya Nusaiba, sarkin aljanu ya aiko da goɗiya ɗari gudummawa. Mundiru ya riƙe sarautar yaƙinsa, ya kuma riƙe ta da amana. Sabon sarki ya hana lalas a kan ciwon da ba a gani ba, ya mai da tsayuwar naɗi ƙarƙashin inuwa. Hadari ya ƙara shekara goma sha shida, wasu ranakun da daɗi, wasu sai an kai shi inuwa an jira.

Amma abin da mutanen Marjanu suka fi tunawa shi ne washegarin biki. An ga amarya ta fito da igiya biyu, fara da baƙa, ta nufi sashen tsohon sarki, ta durƙusa ta gaishe shi ta ce, "Baba, gaya mini, yaushe yake tasar maka?" Tsohon ya daɗe yana kallonta, don a cikin shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa tambayarsa. Sannan ya gyara zama ya fara ba ta labari.

Iyakar abin da ya iso gare mu ke nan na labarin Ukashatu da dokinsa. Allah ya sauƙaƙa wa duk mai ɗauke da ciwon da ba a gani.